Rana da ruwa: yadda zaka raini ƙaramar bishiya har ta tsallake bazarar farko

Jama'a duk shekara in damina ta kankama sai kaga an fito da dashe ana ta rabawa, makarantu da masallatai da ƙungiyoyin unguwa kowa na dasawa, abin gwanin sha'awa, amma ka koma wajen a watan Afrilu ka duba, sau da yawa keji zaka tarar a tsaye da busasshen tsinke a ciki. Sai ace awaki ne ko gara, eh suna da nasu laifin, amma a ganina abin da yafi kashe bishiyoyin nan shi ne ba a daidaita musu rana da ruwa ba tun suna cikin leda. Su biyun nan ba a lissafa ɗaya a bar ɗaya, yawan ranar da bishiya take sha shi ke yanke yawan ruwan da zata nema, ruwan da zaka iya bata kuma shi ke yanke irin ranar da zata iya ɗauka.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin ganye, don in ka gane shi sauran zaka iya lissafawa da kanka. A ganye bishiya ke haɗa abincinta, da hasken rana da ruwa da iskar kabon da take shaƙa. A jikin ganyen, yawanci ta bayansa, akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ta nan iskar ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Sama da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta nan yake tafiya iska, kuma ba asara bace, shi ke sanyaya ganyen shi ke jawo sinadaran ƙasa zuwa sama. Toh in ƙasa ta bushe sai bishiyar ta rufe ƙofofin don kar ruwan jikinta ya ƙare, da ta rufe iska ta daina shiga, haɗa abinci ya tsaya, girma ya tsaya, ganyen kuma ya ɗau zafi tunda ba abin sanyaya shi, shi ne zakaga bakinsa ya ƙone yayi ruwan ƙasa. Bishiya mai jin ƙishi komai yawan ranar da take samu ba abin da ranar ke ƙara mata sai ƙuna.

Ɗaya gefen kuma, in ka ajiye ta a inuwa mai duhu kana ta ɗura mata ruwa, bata iya amfani da ruwan, ƙasa ta zauna a jiƙe, saiwa ta rasa iskar numfashi ta fara ruɓa. Sannan ɗan abincin da take samu duk sai ta kashe shi wajen yin tsawo don ta kamo haske, ta bar saiwa ba komai. Amma in haske ya wadata, ruwa kuma yana zuwa da yawa lokaci ɗaya sannan a ɗan barta ta nema, sai ta tura ƙarfinta ƙasa, saiwa ta nutsa. Wannan saiwar ita muke nema, duk matakan da zasu biyo baya akanta suke.

Matakin farko ba sayen dashe bane, duba wurin ne. Ka ware rana ɗaya ka leƙa inda kake son dasawa da hantsi, da azahar, da la'asar, kaga yaushe rana ke sauka a wajen yaushe take barinsa. Bishiyar 'ya'ya irin mangwaro da lemu da goba tana son aƙalla awa 6 na rana kai tsaye in ta kama. Kuma ka sani inuwa tana yawo da shekara, mu da muke wajajen Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram rana na bi ta tsakar ka ne sosai wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, amma lokacin hunturu sai ta karkata kudu, har katanga mai tsawon mita 3 takan jefa inuwar kusan mita 2 ta arewa da tsakar rana a watan Disamba. Kenan wurin da ka gani fetal da rana a Yuli zai iya zama cikin inuwa watanni in sanyi ya shigo. Ranar yamma kuma tafi ta safe illa nesa ba kusa ba, musamman jikin katangar siminti da ke kallon yamma ko tsakar gidan da aka shafe da siminti ko intalok, zafin yana dawowa kan dashen ta sama da ta gefe da ta ƙasa. In kana da zaɓi ka sa mangwaro ko lemu ta gabashin gini, su sha ranar safe su huta da ta la'asar. Kar kuma ka dasa a ƙarƙashin babban dogon yaro kace ai zai samu inuwa, inuwar tayi yawa, sannan saiwoyin babban zasu zo har gindin ƙaramin su shanye duk ruwan da ka zuba.

Daga nan ka gwada ƙasar. Haƙa rami kamar kamu ɗaya ka cika shi da ruwa ka tafi harkarka. In ka dawo bayan awa ɗaya ka tarar ya tsotse tas, jigawa ce, zata so ban ruwa akai akai da taki mai yawa. In ka wayi gari ruwan na nan kwance, laka ce mai riƙe ruwa, nan zogale da gwanda da lemu ruɓewa zasu yi a marka sai dai in ka tara musu tudu ka dasa a kai.

Sai lissafin da mutane basa son yi, wato ruwan da kake da shi. Daga Nuwamba zuwa Mayu wajen sati 30 ne babu ruwan sama, in bishiya ɗaya zata sha jarka ɗaya sau biyu a sati, jarka 60 kenan, goma kuma 600. In a wajen 'yan garuwa kake saye ka buga kuɗin tun yanzu. Wallahi gara ka dasa guda 5 da zaka iya shayarwa har damina ta zagayo da ka dasa 50 ka zuba musu ido suna mutuwa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen iri daidai da wannan lissafin. Itatuwan dajinmu irin gawo, bagaruwa, dakwara, magarya, aduwa da kuka, da baƙin da suka zama 'yan gida irin dogon yaro da zogale, su rana suke so tun suna ƙanana, inuwa mai yawa ce ma ke ɓata su, kuma da zarar saiwa ta nutsa ruwan da suke nema kaɗan ne. Gawo ma tun yana ɗan tsiro saiwarsa ke fin kansa tsawo nesa, babbansa an samu inda saiwar ta kai wajen mita 30 tana bin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Su kuwa mangwaro da lemu da goba da gwanda suna son 'yar inuwa mara nauyi lokacin da suke cikin leda, kuma ba zasu yafe maka ban ruwa a ranin farko da na biyu ba. Bishiyar turare tana saurin girma amma mashayiya ce ta gaske, ni dai bana ba da shawarar a jera ta a bakin rijiya ko fadamar da ake noman rani. Koko da goro da ake gani ana reno a ƙarƙashin ayaba a kudu su nasu tsarin daban ne, kar ka ɗauko shi ka ɗora wa itatuwanmu na nan.

Na uku, reno a leda. In kai zaka shuka da kanka, masu saurin tashi irin dogon yaro da zogale da bagaruwa wata 3 zuwa 4 ya ishe su, don haka ka lissafo baya daga lokacin dashe, mangwaro mai aure kuwa, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, yakan ci shekara ko fiye. Ledar ko ta fiya wata ce ka huda mata ƙofofi a ƙasa da gefe, dole ne wannan, ka cika da haɗin ƙasar sama kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Rumfar da zaka yi musu ta zama mai shara-shara, zana mara kauri ko karan dawa da aka jera da tazara, yadda in ka tsaya a ƙarƙashi da azahar zakaga ƙasa tayi dabbare-dabbare rabi rana rabi inuwa. Kafin su tsiro da 'yan kwanakin farko ruwa safe da yamma, da buta mai feshi ko gwangwanin da aka huhhuda don kar ya tone irin, in sunyi ganye huɗu zuwa shida ka koma sau ɗaya da safe.

Akwai abin da zaka gani in inuwa da ruwa sun haɗu sunyi yawa, ka kwanta da tsiro lafiya ƙalau ka tashi ka tarar wasu sun kife, in ka duba daidai inda kara ya haɗu da ƙasa zakaga ya tsuke yayi baƙi ya jiƙe. Cutar fumfuna ce, kuma tana bin layi. Ka cire waɗanda suka kamu, ka ɗage rumfar su sha ranar safe, ka rage ruwa, ka ba ledojin tazara iska ta ratsa.

In kuwa saye zaka yi a wajen masu lambu ko na bakin titi, kar tsawo ya ruɗe ka. Ɗauki guda biyu ka haɗa su ka gani. Wanda ya tashi a inuwa mai yawa dogo ne siriri, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye mai nisa ce, ganyen faffaɗa ne mai laushi, in ka ɗan kaɗa ledar sai karan ya riƙa lilo yana neman kwanciya. Wanda ya sha rana daidai gajere ne, karansa ya kai kaurin fensir ya fara yin ɓawo ta ƙasa, ganyensa kusa da juna masu ɗan tauri. Na biyun zaka ɗauka ko da na farkon ya ninka shi tsawo. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta, in saiwa mai kauri ta fasa ta shiga ƙasa aka fizgo ta yau ɗin nan, wannan dashen zai sha wuya. Kuma ka tambayi mai lambun kai tsaye, Malam a ina wannan yake zaune, rana ko inuwa, sau nawa ake bashi ruwa? Amsar ita zata gaya maka aikin da ke gabanka.

Na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma nan ake asara mafi yawa, wato horar da dashen kafin a kai shi fili. Kamar yayen yaro ne, ba a yi rana ɗaya. Saura sati 4 zuwa 6 a dasa sai ka fara cire rumfar da safe ka mayar in rana ta take, bayan sati ka barta a buɗe har azahar, bayan wani satin ka cire gaba ɗaya. Ruwan ma haka, daga kullum ka koma kana tsallake rana ɗaya, ka barsu su ɗan yi yaushi kaɗan da rana amma kar su kai ga langaɓewa. Duk sati biyu ka ɗaga ledojin ka canza musu wurin zama, ka datse saiwar da ta leƙo ta ƙasa da almakashi, hakan ke sa su yi ƙananan saiwoyi da yawa a cikin ledar maimakon guda ɗaya da zata tsinke ranar ɗauka. Girmansu zai ragu a wannan lokacin, ganye zai ɗan yi tauri, kar ka damu abin da ake so kenan. Ganyen da ya fito a inuwa fatarsa siririya ce, in ka fitar da shi ranar tsaka lokaci ɗaya cikin kwana biyu zakaga yayi fari fat ya bushe ko da gindin a jiƙe yake, don ba ƙishi bane, ƙuna ce. Wanda ka sayo daga inuwa ma ko kwana 10 zuwa 14 ne ka yi masa wannan horon a gida kafin ya shiga rami.

Na biyar, rami da lokacin dashe. Ka haƙa tun kafin ruwa ya sauka in da hali, na bishiyar 'ya'ya wajen santimita 60 faɗi da zurfi, na itacen daji 30 zuwa 40 ya wadatar, in fako ne ka ƙara faɗi ka farfasa gindin ramin da diga. Ƙasar sama ka ajiye ta gefe ɗaya ka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki, ita zata fara komawa. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji kar ya shiga, yana ƙona saiwa yana kiran gara.

Lokaci kuwa shi ne da zarar damina ta zauna, ba ruwan farko mai yaudara ba, sai an samu manyan ruwa biyu uku ƙasa ta jiƙe har zurfin kamu, yawanci ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A Nijar 3 ga Agusta ce ranar dashen itace ta ƙasa, kuma lokacin ƙasa a jiƙe take sosai, amma ka tuna a wajajen Maraɗi da Damagaram ruwa kan ɗauke a ƙarshen Satumba, don haka duk satin da ka riga wannan ranar dasawa riba ce ga saiwa. Dashen da aka yi a Satumba kam ka ɗauka kawai na ban ruwa ne tun daga ranar farko. Ka dasa da yamma ko ranar da gari yayi lumshi, ka jiƙa ledar tukuna, ka yanka ta da reza ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba, in saiwa ta nannaɗe a ƙasa ka yanke wurin da ya murɗe. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa yadda yake a leda, mai aure kuma wurin auren ya kasance a sama sosai. Ka danna ƙasar da ƙafa a hankali ta gefe gefe, kayi masa fangali zagaye, ka juye jarka ɗaya ko da an yi ruwa jiya, don ƙasar ta manne da saiwa. In ganyen manya ne da yawa ka rage na ƙasa, ko ka yanke rabin kowane babba, saiwar da aka taɓa ba zata iya shayar da su duka ba a satin farko.

Cikin damina aikin ba yawa. Kar ka ƙara ruwa sai in an samu fari na sati ɗaya zuwa kwana goma. Babban aikin ciyawa ce, ka share mita ɗaya zagaye, don ciyawar damina ta fi dashen sauri, zata rufe masa rana ta sama ta ƙwace ruwa ta ƙasa. In cikin gonar gero ko dawa ka dasa ka bar masa fili kar kara ya lulluɓe shi. A ƙasar laka ka fasa bakin fangalin a watan Agusta ruwa ya wuce, lemu musamman baya son ruwa ya kwanta a jikin karansa, shi ke kawo ciwon nan da zakaga ƙaro na tsatsowa daga gindi ɓawo na ruɓewa, don haka ka tara 'yar ƙasa kusa da karan ruwan ya tsaya a zagaye daga nesa kaɗan.

Toh yanzu ga inda aikin yake, rani. Ƙa'idar ita ce ruwa mai yawa jefi jefi, ba ɗan kaɗan kullum ba. Mutane da yawa kowace safiya zasu watsa kofi biyu uku a gindi suna ganin sun kyauta, alhali wannan ruwan yatsa biyu kawai yake jiƙawa, saiwa sai ta taso sama tana jiransa, ranar da kayi tafiya ta kwana uku a Afrilu shikenan ka dawo ka tarar da tsinke. Amma in ka juye lita 15 zuwa 20 a hankali ya nutse, ka bari kwana uku ko huɗu, saman ya bushe ƙasan na da danshi, dole saiwar ta bi shi ƙasa inda zafi baya kaiwa. A jigawa sau biyu a sati, in bazara ta tsananta ka koma duk bayan kwana biyu, a laka sau ɗaya a sati kan isa. Amma kar ka riƙe lissafina kamar karatu, ƙasar zaka tambaya, ka tona gefen fangalin zurfin tafin hannu ka damƙo ƙasar ka matse, in ta dunƙule ta tsaya da sauran ruwa ka bari sai gobe, in ta wargaje ta zube ta tsakanin yatsu lokaci yayi, in kuwa ruwa ya tsatso ko ta manne maka a hannu ka yi yawa. Ka bayar da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma ruwan da ya wuni a baƙin tanki ko cikin tiyo a rana ka bari ya huce.

Hunturu yana ruɗin mutane, sai suga ana sanyi su ɗauka bishiya bata jin ƙishi. Iskar nan busasshiya ce tana zuƙe ruwan ganye ko babu zafi, don haka a rage dai amma kar a daina. In kana da kara ko zana ka kafa ta gabas maso arewa inda iskar ke fitowa. Ƙurar da ke kwanciya a ganye ma tana tare haske, jefi jefi ka watsa masa ruwa ka wanke ta da safe.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, fuskar yashi kuma ta fi haka nesa, har takan ƙona wuyan dashe daidai inda ya taɓa ƙasa. Abu uku ke ceto a nan. Na ɗaya rufe gindi, da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko sassaren kara, kaurin yatsu huɗu, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da karan saboda gara, ka barbaɗa toka a wannan tazarar. Inda gara tayi yawa ka jera duwatsu ko fasassun tukwane, in ka ɗaga ɗaya da rana tsaka zaka ji ƙarƙashinsa da sanyi da danshi. Gara ma in ka lura tafi afka wa bishiyar da ƙishi ya riga ya raunana. Sai inuwar wucin gadi, 'yar guntuwar zana ka kafa ta yamma ta tare ranar azahar zuwa la'asar, gabas da sama a buɗe, da ruwa ya sauka ka cire. A nan zan roƙi masu kare dashe da durom ɗin ƙarfe ko ginin bulo da aka toshe ruf, dan Allah a bar ƙofofi, zafi na taruwa a ciki haske kuma baya shiga sai ta sama, bishiyar sai tayi ta miƙewa siririya, ranar da ta leƙo waje iska ta karya ta. Keji na waya ko shingen ƙaya ko bulo da aka jera da tazara sun fi.

Ɗayan kuma tulu ne, kuma ni a wajena ba dabarar da ta kai shi ga mai ƙarancin ruwa. Ka samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba, ka binne shi har wuya kamar taki ɗaya daga gindin, ka cika shi ka rufe bakin da murfi ko faffaɗan dutse saboda sauro da ƙasa. Ruwan zai riƙa tsatsowa ta jikinsa a hankali can ƙasa inda rana bata gani, in ƙasar ta bushe ya ƙara fita in ta jiƙe ya ragu, kai dai ka leƙa duk bayan kwana uku huɗu ka ƙara. In babu tulu, babbar gorar roba da aka huda wa ƙananan ƙofofi a ƙasa ko guntun bututu da aka kafa zurfin kamu suna yin kusan wannan aikin. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi da kayan miya duk masu kyau ne, masallaci ma in aka ja magudanar wurin alwala zuwa gindin bishiya biyu uku an gama da maganar ban ruwansu. Ruwan wanki mai omo da bilic da yawa ko mai gishiri shi ne banda. In ka fara ganin farin gishiri-gishiri a bakin fangali, jefi jefi ka yi masa ambaliya da ruwa mai daɗi ya wanke shi ƙasa. Takin zamani kuma kar ka sa wa bishiya mai ƙishi a bazara, yana ƙona saiwa, in ma bai ƙona ba zai sa ta fitar da sabon toho mai laushi da ruwanka ba zai iya riƙewa ba, ka jira damina.

Ka koyi karanta ganyen. Yaushi da azahar wanda ke warwarewa da magariba ba komai bane, bishiyar ce ke kare kanta. Wanda ka tarar da asuba shi ne na gaske, sai ka tona ka duba, in ƙasa a bushe take ƙishi ne, in kuwa a jiƙe take kuma ganyen ƙasa na yin rawaya suna zuba, ƙasar na ɗan wari, to saiwa ce ke ruɓa, kuma nan ne mutane ke ƙarasa ta don sai su ƙara ruwa. Ka tsaya cak, ka janye abin rufin, ka bari ta sha iska. Bishiyar da ta karkata gefe ɗaya ganyenta duk suna kallon waje guda haske take nema, ka sassabe reshen da ya rufe ta. Kuma kafin ka tuge wadda ta kaɗe ganye ka ɗan kankare ɓawon da farce, in kaga kore a ciki tana da rai. Kuka takan zubar da ganye duk rani ta zauna da abin da ta tara a saiwa, gawo kuma nasa a juye yake, da damina yake kaɗewa ya yi ganye da rani, shi yasa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Ga mai gona can nesa da ruwa inda ba zancen jarka, sai dai ka tare na sama. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, kaga a fako ruwan da ke gudu ya wuce ba kaɗan bane. Ramin nan mai siffar rabin wata da ake haƙawa a Tawa da sauran sassan Nijar aikinsa kenan, ka buɗe bakinsa yana kallon tudu inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da ka haƙo ka tara ta a bayansa, ka dasa a ciki kusa da tudun ba a can tsakiyar inda ruwa ke kwanciya ba, kuma itacen daji zaka sa ba mangwaro ba. Kafin ma ka kawo dashe ka zaga gonar ka duba kututturan kalgo da sabara da gawo da magarya da ake sassabewa duk shekara, waɗannan saiwarsu ta riga ta kai ruwa tuntuni, haske da sarari kawai suke nema. Ka zaɓi rassa masu ƙarfi daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture ka sare sauran, ka rage ƙananan rassan ƙasa har rabin tsawo da wuƙa mai kaifi. Shi ne sassabin zamani da manoman Maraɗi suka fara tare da wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo a shekarun 1980, wanda aka ƙiyasta ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da jarka ko leda ba.

A rani na biyu itacen daji da dogon yaro yawanci sun kama, ka basu ruwa sau ɗaya a sati biyu ko uku in bazara ta yi tsanani kawai, in kaga suna toho da kansu ka ƙyale su. Mangwaro da lemu da goba ka ci gaba har shekara 3, amma ka riƙa ƙara yawan ruwan kana tsawaita kwanakin, kamar jarka biyu sau ɗaya a sati, kuma ka faɗaɗa fangalin duk shekara ya bi inda inuwar rassan ta tsaya don a nan saiwoyin shan ruwa suke, ba a jikin kara ba. Furen da ɗan mangwaro mai aure zai fitar a shekarar farko da ta biyu ka tsinke shi ƙarfin ya tafi saiwa da rassa. In ya isa haihuwa kuma sai ka ɗauke masa ruwa wata biyu bayan damina, wannan bushewar da sanyin hunturu su ke sa shi fure, sai 'ya'ya sun ɗaura sun kai girman gyaɗa sannan ka dawo masa da ban ruwa.